Kwas Ɗin Benci

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Umma da kowa na gida. Yara suna gaishe ku, babansu ma ya ce in miƙa tasa gaisuwar. Na san idan na kira waya za ka ce kunnenka ba ya ji, ka miƙa wa Umma, ita kuma ta ba ni labarin maƙwabta har caji ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro.

Labari biyu gare ni. Ɗaya mai daɗi ne, ɗayan kuma sai ka gyara zama.

Mai daɗin shi ne an naɗa ni shugabar kwamitin da zai sake duba manhajar digirin farko ta sashenmu na kimiyyar siyasa, sashen da ka yi rayuwarka a ciki har ka yi ritaya. A ɗakin taron nan na bene muke zama, mai fankar da ke kuka. Hotonka yana nan a bango cikin tsofaffin shugabannin sashe, yana kallona kamar na zo lacca a makare.

Ga na biyun. Manhajar ta cika maƙil, kuma jami'a ta ƙayyade awoyin da ɗalibi zai ɗauka, ba a ƙara ko ɗaya. Muna so mu shigar da sabon kwas na dole a kan karanta alƙaluma da binciken ra'ayin jama'a. Kafin ya shiga sai wani ya fita. Na juya manhajar ta kowace fuska, kuma wanda nake ganin ya kamata ya fita shi ne naka, Nazarin Majalisa a Aikace, wanda har yau ɗalibai suke kira kwas ɗin benci. Har yanzu yadda ka tsara shi ake yi: a tura 'yan aji uku taron ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa ko ta iyayen yara, su zauna a bencin baya zango guda baki a rufe, su rubuto yadda ake yanke shawara. Shi kaɗai yana cinye kwana biyu a kowane mako.

Abin da ya tsaya min a rai wata ɗaliba ce, wadda ta fi kowa maki bara. Ta je neman aiki wata cibiyar bincike, suka ajiye mata takarda ɗaya mai sakamakon jin ra'ayi, suka ce ta faɗa musu abin da ta gani. Ta dawo ofishina ta zauna tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Malama, na san yadda ake tsige shugaba a tsarin mulki iri-iri, amma ban san ko tazarar da ke tsakanin 'yan takarar nan tazara ce ta gaske ko kuskuren ƙirga ba ne." Ba ita kaɗai ba ce, Baba. Na ji kunya ranar, kuma ba tata kunyar ba ce, tamu ce.

Ba izini nake nema ba, don kai ka hana ni neman izini a kan abin da yake aikina. Ina so ne ka ji daga bakina kafin wani ya kawo maka da ƙari.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
wadda kuka laƙaba wa Lauya

*

Zuwa ga Shugabar Kwamiti,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, mun same shi lafiya. A gaida maigidan naki da jikokina, a gaya wa ƙaramin ina sane da alƙalamina da ya tafi da shi.

Uwata, na yi murna da wannan kujera. Ba a ba wa mutum manhaja ya duba sai an yarda da kansa, kuma ni na san sashen nan, ba sa yarda da kan kowa sai sun rasa yadda za su yi. Allah ya taya ki riƙo. Wannan maganar uba ce, an gama ta. Saura ta abokin aiki.

Kin yi kuskure, kuma kuskure ne irin na masu ilimi. Bari in gaya miki yadda aka haifi kwas ɗin da kike so ki binne. Ina ƙaramin malami na kai wani ɗalibina taron ƙungiyar direbobi, yaro ne da ya haddace kundin tsarin mulki kamar sunansa. Da muka fito na tambaye shi, wa yake mulkin wannan ƙungiya? Ya ce shugaba, mai zama a tebur da ƙararrawa. Na ce ka koma mako mai zuwa. Sai da ya yi wata biyu a benci sannan ya gane akwai wani tsoho da ke zama bakin ƙofa, ba ya cewa uffan, amma da zarar ya fara laluben takalminsa da ƙafa, magana ta ƙare, kowa ya san inda za a faɗi. Alƙalumanki za su gaya miki mutum nawa suka ɗaga hannu. Ba za su gaya miki wanda kowa ya saci kallo kafin ya ɗaga ba. Wannan ita ce siyasa, sauran duk sharhi ne.

Ɗalibarki ta ban tausayi. A koya mata lissafi, ban hana ba. Amma a nemi wurinsa a wani gefen. Kuma kada a zo min da maganar a mayar da nawa na zaɓi. Babu ɗalibin da zai zaɓi yawo a rana alhali ga aji mai inuwa. Idan za ku kashe shi ku kashe shi da sunan kisa.

Yanzu bari in yi miki ƙirga, tunda ƙirga kike so. Ku bakwai ne har da ke. Dogo da Mai Tabarau da wannan baiwar Allah mai koyar da mulkin ƙananan hukumomi duk a benci suka yi wayo, ba za su ba ni kunya ba. Sauran ukun naki ne. Za a yi kunnen doki, magana ta dawo kanki. Kin kuwa san ƙa'ida: shugaba ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, idan kuma an yi, ƙuri'arsa tana bin abin da aka tarar ne, domin canji sai da rinjaye, ba da ra'ayin mai kujera ba. A kwas ɗin benci kika koyi wannan, kika ci shi da maki mafi girma, kuma ba ni na duba takardarki ba balle a ce.

Saboda haka hankalina a kwance yake. Ki huta lafiya.

Mahaifinki

*

Ke Lauya,

Sallama da gaisuwa. Ya yaran, ya aiki, ya fama da jama'a? Wannan takardar a ɓoye nake rubuta ta a kicin, don haka kada ki ambace ta.

Wace irin wuta kika kunno min a gida? Mutumin da ya ce kunnensa ya mutu, ko sallamar baƙo sai na maimaita masa, yau kwana da kwanaki yana manne da waya. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Dogo, ba kamfe nake yi ba, gaisuwa ce kawai." Gaisuwar da ta kai shayinsa ya huce sau biyu. Ya sa an jawo kwalayen nan na ƙarƙashin gado, rahotannin ɗalibai tun na zamanin da nake goyonki, ya baje min su a falo. Ƙura ta hana ni numfashi. Na ce Farfesa, ko dai in koma gidan ƙanwata har a gama zaɓe? Ya ce in bar raha da abin da ban sani ba. Ni da na yi shekaru ina wanke rigunan da ya goge bencin tasha da su.

Amma bari in gaya miki abin da ba zai faɗa ba. Wasiƙarki tana aljihun gaban rigarsa. Duk wanda ya shigo, daga mai aski har yaron da ke kawo gas, sai an zaunar da shi an karanta masa. Yana zuwa wajen hotonsa a bango sai ya ninke ta, ya ce saura maganar gida ce. Mai askin ma yanzu idan ya gan ni sai ya ce a gaida shugaba.

Ki sani kwas ɗin nan ɗan'uwanki ne, tare na raine ku. Tun da ya bar aiki, duk farkon zango sai ya tambayi ko ina aka tura yara bana. Littafin da ya rubuta ba wanda yake saya, ofishinsa an ba wani, ko mai gadin ƙofar jami'a an canja, ran nan sai da ya tambaye shi wa yake nema. Wannan kwas ne kaɗai ya rage da yake sa shi jin har yanzu yana ciki.

Ban ce ki bar masa ba, ban ce ki ƙwace ba. Ku biyun kanku ɗaya ne, ban taɓa cin gardama da ɗayanku ba. Abu guda nake roƙo. Idan kayar da shi za ki yi, ki kayar da shi yana tsaye a gabanki, kada ya ji a bakin mutane. Tsohon nan zai iya haɗiye kaye, amma ba zai iya haɗiye a ce an lallaɓa shi ba.

Ki shafa min kan yaran. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murna, don na san Dogo ya riga ni kawo labari.

Ƙirgarka ba ta kuskure ba. Uku da uku aka yi, duk suka juyo suna kallona, fanka tana ta kukanta. Na ce tunda babu rinjaye, ƙuri'ar kujera tana tare da abin da aka tarar, kwas ɗin benci yana nan. Na rubuta hakan. Na jefa ƙuri'a a kan abin da na yi imani kuskure ne, kuma na san daidai na yi. Ban taɓa jin abu biyu sun haɗu min a ƙirji haka ba.

Ban kai ƙasan bene ba magana ta riga ni. A ɗakin shayi na ji wani yana cewa, "To, 'yar gida ta tsare gida." Da na shiga kowa ya kama juya cokali. Waɗanda suka goyi bayana suna ganin na sayar da su, naka kuma suna min murmushin da ya fi zagi ciwo, kamar mun haɗa baki. Ba wanda ya yarda ƙa'ida na bi.

Wannan bai dame ni ba kamar yadda ɗaliban suka dame ni. Za a sake yaye wasu ba su iya karanta takarda ɗaya ta alƙaluma ba, saboda ni ina kan kujera an ɗaure min baki.

Don haka na ajiye kujerar. Na kai wa shugaban sashe takarda da safiyar nan. Rahoton kwamiti zai je gaban majalisar sashe a ƙarshen wata, kuma a can kowane malami yana da ikon miƙewa ya kawo gyara, ban da wanda yake kan kujerar kwamitin. Yanzu ni malama ce kawai. Zan miƙe in nemi a cire kwas ɗin benci, da sunan cirewa, kamar yadda ka ce.

Dokar majalisar ta yarda a gayyaci farfesan da ya yi ritaya ya yi magana, ko da ba shi da ƙuri'a. Na roƙi a gayyace ka, an amince. Ka zo ka kare shi da bakinka.

Kuma don kada ka ce an yi maka kwanton ɓauna, ga makamina. Na bi ɗalibai benci da kaina a wannan zangon, wuri uku. Ƙungiyoyin sun saba da mu, Baba. Ranar da yaranmu za su zo, shugaba yana sa sabuwar hula, ana "na kawo shawara", ana "na goyi baya", kamar wasan makaranta. Wani ma'aji ya gaya min yana dariya cewa ainihin taron an yi shi jiya a bayan shago, saura kuma a waya ake gamawa. Ɗalibai kuwa sun ninka na zamaninka sau da yawa, malami ɗaya ne yake bin su. Ka shirya amsa.

Ina neman albarkarka, ko da ba ta kan wannan ba.

'Yarka,
Lauya

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke.

Da na karanta cewa kin bi ƙa'ida, sai da na miƙe tsaye a falo. Mutum nawa na koyar da suka iya faɗin wannan ƙa'ida a jarrabawa, da suka hau kujera suka manta da ita? Masu surutu a ɗakin shayi ki bar su, a nan ilimin wasunsu ya tsaya.

Da na kai wajen ajiye kujera kuwa, raina ya ɓaci, har yanzu bai gama sauka ba. Kin san abin da kika yar? Daga wannan kujera ake zama shugaban sashe, ni ta nan na bi. Ba za su sake miƙo miki ita da wuri ba. Na gaya wa duk unguwa ke ce shugaba, yanzu in ce musu me? Ummanki ta ce in ce musu kin gaji taurin kai.

Amma na fahimci abin da kika yi. Kin ƙi amfani da kujera ki ci ni, kin sauko ƙasa inda kowa yake daidai da kowa. To, na karɓa. Zan zo. An kai babbar rigata wajen mai guga, kuma na fara rubuta jawabi.

Maganar sabuwar hula da taron bayan shago ba ta ba ni tsoro ba. Idan mutane suna ɓoye ainihin taronsu, wannan ma darasi ne, sai a koya wa yara su nemo bayan shagon. Ina da amsoshi, kada ki ɗauka tsufa ya cinye ni.

Gargaɗi ɗaya. Kada ki tausaya min a gaban mutane. Idan na ga kin rage murya ko kin bar wata hujja a aljihu saboda furfurata, zan gane, kuma wannan ne abin da ba zan yafe ba. Ni ma ba zan raga miki ba.

Sai mun haɗu a zaure.

Mahaifinki

*

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Don Allah ki amsa min da wuri, ko ki kira ni idan ba ya kusa. Ya Baba ya iso gida? Ya ci abinci? Ya ce wani abu?

Na san ba zai ba ki labari ba, bari in ba ki. Zauren ya cika har da waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba, da wakilan wasu sassa. Da Baba ya shigo, rabin malaman suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Ya yi magana ba tare da ya duba takardarsa ba. Ya kira tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, yana tuna wa kowa bencin da ya zauna da abin da ya rubuto. Mai Tabarau har da cire tabarau yana goge ido. Ya ce jami'ar da ta daina aika yaranta cikin mutane za ta wayi gari tana nazarin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Aka yi ta tafi. Wallahi Umma, ni ma na ji kamar in tafa. Ina zaune ina cewa a raina, wannan ubana ne, ku gan shi da kyau.

Sai aka kira ni. Na ce "Farfesa", kalmar ta yi min nauyi a baki. Na kawo maganar ɗalibata, na kawo yawan ɗalibai, na nuna rahotannin bana guda biyar da suka zo iri ɗaya har da kuskuren rubutu, an kwafo su daga na shekarun baya. Duk ya amsa, kuma ya amsa da kyau. Na ga zauren yana komawa wajensa.

Saura hujja ɗaya a hannuna, wadda na yi niyyar bari. Na tuna gargaɗinsa. Na ce, "Farfesa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne a kan bencin da ka sani. Ina tambaya, yaushe rabonka da zama a kansa?"

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, "An daɗe." Ya zauna.

Aka kaɗa ƙuri'a, gyarana ya wuce da rinjaye mai kyau. Dogo ma hannunsa a sama, kansa a ƙasa. Daga baɗi babu kwas ɗin benci.

Kafin in keto mutane in iso inda yake, ya miƙe ya gyara hularsa ya fita, bai waiwayo ba. Na sauko da gudu na tarar motar ta kai bakin ƙofa. Mutane suna ta ba ni hannu, ni kuwa ban san abin da nake ce musu ba.

Na yi imani daidai na yi wa ɗalibai, ko yau aka sake zan sake. Amma na tsaya a gaban mutanen da ya koyar na nuna musu zamaninsa ya wuce. Umma, ina tsoron na ci ƙuri'a na rasa Baba. Ki gaya min gaskiya, kada ki lallashe ni.

'Yarki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ummanki ta ajiye min wasiƙarki kusa da shayi, ta ce ita ba 'yar aike ba ce.

Kayen ya yi zafi, ba zan ɓoye miki ba. Zai kuma daɗe yana yi. Har gobe ina ganin kun yi asara, amma tambayarki halal ce, kuma ba ni da amsarta.

Abin da ya fitar da ni daban ne. Lokacin da kike magana, wani baƙo daga wani sashe yana zaune kusa da ni, bai san kowa ba. Da kika jefo tambayar nan na zauna, sai ya sunkuyo ya ce min, "Ranka ya daɗe, wannan matar ba ta da sassauci. Ko wa ya koyar da ita?"

Na ce masa, "Ni ne. Kuma ni na haife ta."

Daga nan idona ya fara kawo ruwa, ni kuwa ban taɓa bari ɗalibaina su ga haka ba, ba kuma zan fara a tsufa ba.

Ki zo gida ranar hutu, ki taho da yaran. Allah ya yi miki albarka.

Babanki